Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Sharar Damagaram da Wanda Alhakinta ke Wuyansa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu maza da mata, malamanmu, masu unguwannin da suka buɗe mana ƙofa, da ku 'yan uwa mambobi, na gida da waɗanda neman abinci ya kai Yamai, Agadas, Kano ko gaba da nan, kwamitin gudanarwa ya ɗora mini in rubuta muku abin da ƙungiyarmu ta tsabtar unguwa ta yi a wannan shekara, wanda ya yiwu da wanda ya gagara. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi ranar babban taro da takardun shaida a gabansa, don haka ba zan taɓa shi a nan ba. Waɗanda muka fara shekarar da su Allah bai nufa mu ƙarasa tare ba, Allah ya jiƙansu, ya kyauta namu zuwan.

Mun shiga shekarar nan da ɗokin sarrafa leda. Kusan duk zaman da muka yi a hunturu zancen ke nan: yadda za a narka leda da yashi a buga tubalin daɓe, yadda matasanmu za su sami sana'a, yadda za mu daɓe ƙofar masallacin unguwa da hannunmu. Da tafiya ta yi tafiya, abin da idonmu ya gani ya sauya mana tunani. Buƙatar farko ta garin nan ita ce sharar da aka share daga tsakar gida ta san inda za ta, kullum ba fashi, kuma a san wanda za a tambaya ranar da ba ta tafi ba. Sarrafawa tana da wurinta, amma a baya take. Ga yadda aka yi muka kai ga wannan matsaya.

Amalanke da juji

Aikinmu mafi daɗewa shi ne kwasar shara gida-gida da amalanken jaki. Gidan da ya shiga tsarin yana ba da ɗan abin da aka yanka masa a wata, mai amalanke kuma ya bi layi da sassafe ya juye buhu ko rabin gangar da aka ajiye a ƙofa. A Birni, inda lunguna suke da ƙunci har mota ba ta iya shiga, amalanke ne kaɗai mafita, wani lungun ma sai baro. Bana gidaje sun ƙaru, musamman bayan azumi, lokacin da mata suka ga layin da amalanke ke bi ya fita dabam da na maƙwabta. Wannan ya faranta mana rai ƙwarai, kuma muna jinjina wa masu amalankenmu, waɗanda ko a zafin watan Afrilu da Mayu ba su fasa fitowa ba.

Sai dai jaki ba zai kai kaya bayan gari ya dawo ya sake komawa sau da yawa a yini ba. Saboda haka mai amalanke yana juyewa ne a wani fili cikin unguwa, jujin wucin gadi, da nufin babbar mota ta zo ta ɗauke. Mun yi jinga da wani mai mota, ba zan kama sunansa ba, muka ba shi kafin alƙalami. Ya zo a makonnin farko, daga nan ya ce mota ta lalace, daga baya waya ma ta daina shiga. Mu kuwa ba mu dakatar da amalanke ba, don muna jin kunyar gidajen da suka riga suka biya.

Wata ranar bazara da yamma na je filin ni da mataimakiyar shugaba. Tsibin ya wuce tsawon mutum, ya ci rabin hanya, awaki na bisa suna tono, yara ba takalmi suna neman abin sayarwa. Wani ya riga ya cinna wuta ta gefe ɗaya, hayaƙi baƙi mai ɗaci yana shiga gidajen da iska ta nufa. Wata dattijuwa da ƙofarta ke kallon jujin ta fito riƙe da jikarta mai ciwon ƙirji. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaishe mu, ta tambaye mu ko mu ne masu amalanke, muka ce mu ne. Sai ta nuna mana yarinyar, ta ce tun da tsibin ya taru ba ta yi barcin kirki ba, kuma ita ba ta da kuɗin shiga tsarinmu. Mun rasa abin cewa. A ranar muka gane cewa mun kwashe ƙazanta daga ƙofar masu iya biya mun jibge ta a ƙofar waɗanda ba su iyawa. An gudu gara an faɗa gidan zago. Washegari kwamiti ya yi zaman gaggawa, muka karya asusun da muka tara don tubali, muka ɗauki hayar wata motar ta kwashe filin tas. Na san akwai mambobin da wannan shawara ba ta yi musu daɗi ba, suna da damar faɗa ranar taro, amma ni har yanzu ina ganin ita ce mafi alherin abin da muka yi bana.

Ya kamata mu san girman kayan da muke magana a kai. Bankin Duniya, a rahoton da ya fitar kan shara a 2018, ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara mutum ɗaya yana fitar da kilo 0.46 na shara a rana, kuma abin da ake kwashewa kashi 44 ne cikin 100. Ƙidayar 2012 ta sami mutum 235,605 a garin Zinder, wato Damagaram. In aka buga wannan da wancan, ana maganar sama da tan 100 kowace rana ta Allah, da ƙidayar shekara 13 da suka wuce, kafin garin ya bazu yadda ya bazu yanzu. Babu ƙungiyar unguwa da za ta ɗauki wannan da jakuna. Ita ma doka ba ta ɗora mana ba: dokar ƙananan hukumomi mai lamba 2010-54 ta ranar 17 ga Satumba 2010 ta sa tsabtar gari da kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Birnin namu gundumomi biyar ne, kuma tun watan Afrilu 2024 da aka rushe majalisun da aka zaɓa, kantomomi ne ke riƙe da su. Mun rubuta wa hukumar gundumarmu takarda, an saurare mu cikin mutunci, magana tana tafiya. Abin da muka nema a rubuce abu ne mai sauƙin faɗa: daga ƙofar gida zuwa juji mu ne, daga juji zuwa bayan gari hukuma ce, da ranakun da kowa ya sani, da wuri guda tsayayye a wajen gari, nesa da gidaje da rijiyoyi. Mu ma mun ɗaure kanmu da sharaɗi: ba za mu ƙara buɗe layi sabo ba sai an tabbatar da motar da za ta ɗauke abin da layin zai tara.

Abin da ke cikin amalanke ɗaya

Wani malamin makaranta cikin mambobinmu ne ya kawo shawarar mu zazzage amalanke ɗaya a kan tamfol mu tsince shi da hannu, mu ga ainihin abin da jakinmu ke ja. Muka yi haka wata safiya, da safar hannu da takunkumi. Abin da ya fi komai nauyi, nesa ba kusa ba, ƙasa ce da toka. Tsakar gidajenmu ba daɓe, tsintsiya kuma ba ta bambance rairayi da datti, ga ƙurar hunturu da ke sauka dare da rana. Bayan ƙasa sai kashin awaki da tumaki, ganyen dogon yaro, ɓawon gyaɗa da na albasa, karmami da dusar da dabbobi suka tattake. Ragowar abinci kaɗan ce ƙwarai, don tuwo da ƙanzo ba su kwana a gidan da ke da akuya ko almajiri a ƙofa. Sai leda, baƙa da fara da ta ruwan sha, ba ta da nauyi amma ta cika ido, ta nannaɗe komai. A ƙasan tsibin muka tsinci batiran tocila da suka fashe, fasasshiyar kwalba, reza, da sirinji mai allura a jiki.

Abin da ba mu samu ba shi ya fi ba mu darasi. Babu ƙarfe, babu alminiyum, babu gorar roba mai murfi, babu tsohon takalmin roba. Duk an riga an tsince su tun kafin su kai ƙofa. 'Yan gwangwan suna zagawa da sikeli suna saye, yara suna kai musu. Gwangwanin lemo da tsofaffin kwanoni suna ƙarewa hannun maƙeran da ke narka su su zuba tukwane da ludaya. Gorar roba tana komawa wajen mai zoɓo, mai kunun aya da mai man gyaɗa, kwalba kuma wajen mai fetur a bakin titi. Tsohuwar taya tana zama takalmi, tub ɗinta ya zama guga ko igiyar ɗaure kaya. Ƙarfe da roba mai tauri ana loda su a kai Kano, inda ake da injinan niƙawa da narkawa. Ashe sarrafa shara ta daɗe a garin nan, talakawa ne ke yinta ba tare da wani ya kira su taro ba. Duk abin da ke da kuɗi a jikinsa ba ya kwana a juji. Saboda haka mun yanke cewa ba za mu shiga gasa da waɗannan bayin Allah ba. Abin da suke buƙata daga gare mu shi ne mutunci, takalmi da safar hannu, da kuma a daina korarsu kamar ɓarayi alhali ba a kama su da komai ba. Duk tsarin da za a kawo gobe, in bai sa su a ciki ba, zai raba mutane da abincinsu ne kawai.

Daga wannan tamfol ne muka fito da aikin da muka fi alfahari da shi bana, wanda ɓangaren mata ya jagoranta: ware shara tun daga gida. Ba mu ce wa kowa ya sayi bokiti kala-kala ba. Abu uku muka roƙa. A tankaɗe shara da tsohuwar rariya, ƙasar ta koma tsakar gida ko a cike rami a ƙofa. Toka da kashin dabbobi da ganye su shiga buhu ɗaya. Leda ta shiga wani buhun a ɗaure bakinsa. Iyayenmu mata suka bi gida-gida, gidan suna da gidan biki da wajen adashi, suna nunawa da hannu. A layukan da abin ya karɓu, mai amalanke da kansa ya ce kaya ya yi sauƙi, jaki yana gama layin da a da sai ya yi sawu biyu. Amma ina da magana da 'yan uwana maza. Mace ke shara, yarinya ko almajiri ke fitar da ita, amma maigida ne ake jira ya ba da kuɗin wata, kuma nan ne abin ke cijewa. Gidaje da yawa da suka fita daga tsarin, in ka bincika, uwargida tana so, maigida ne ya ce ai ga kududdufi nan kusa. Wanda ke ciyar da gida, fitar da dattin gidan ma yana cikin abin da ke kansa.

Buhun toka da kashin dabbobi kuwa yana da masu so. Manoman kewayen gari, ta hanyar Mirya da sauran ƙauyuka, sun daɗe suna ɗibar juji su kai gona kafin shuka. Kukansu ɗaya ne, leda: tana hana ruwa shiga ƙasa, tana naɗe saiwa, shekara da shekaru tana nan ba ta ruɓa. Takin da ba leda a ciki har kuɗi suke bayarwa. Mun haƙa rami don ruɓar da taki yadda ake yi, shimfiɗar ganye, shimfiɗar kashin dabbobi, a barbaɗa toka, a yayyafa ruwa, a juya duk bayan mako biyu, cikin wata biyu zuwa uku ya nuna ya yi baƙi ba wari. A damina ya yi kyau sosai. A bazara kuwa ya tsaya cak, don taki yana son danshi, kuma duk ɗan Damagaram ya san abin da ruwa yake a watan Afrilu, lokacin da famfo ke ɗaukewa mata su kwana a layi, 'yan garuwa su ƙara kuɗi. Ba mu ga dacewar sayen ruwan sha mu zuba a rami ba. Yanzu muna gwada ruwan wanke-wanke da na alwala da ake tarawa a masallacin da ke kusa, ban da mai sabulu da yawa.

Leda

Sallar layya ta bana ta zo a farkon watan Yuni, gab da faɗuwar damina. Wani mambanmu mahauci ya kira mu mu zo mu gani. Ya farke tumbin wata tunkiya da mai ita ya ce ta daɗe tana ramewa alhali ana ba ta dusa da harawa, cikinta kullum a kumbure. Sai ya zaro wani dunƙule mai tauri kamar igiyar da aka tufka, girmansa ya kai kan yaro, leda ce zalla da zaren buhu sun cure sun cika tumbin. Ya ce abin ba baƙo ba ne a wurinsu, a dabbobin cikin gari da ake saki su yi kiwo a juji. Dabba tana jin ƙanshin mai ko gishiri a jikin leda ta haɗiye, ledar ba ta narkewa ba ta fita, har ta toshe wurin abinci. Mai tunkiyar bazawara ce, ita ce jarinta. Mun ɗauki hoton dunƙulen da izinin mahaucin, kuma duk inda muka nuna shi ba ma buƙatar dogon bayani.

Dokar ƙasa ta riga ta yi magana a kan wannan. Doka mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014 ta hana ƙera leda marar kauri, da shigo da ita, da sayar da ita, da amfani da ita, da ajiye ta a duk faɗin Nijar. Shekara 11 ke nan. Amma duk wanda ya shiga Kasuwar Dole ya san tumatir a leda, barkono a leda, ƙosai da zafinsa a leda, ledar ma a cikin wata leda. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, kuma abin ya kankama a can saboda an tsare bakin iyaka da masana'anta. A ganina nan ne ya kamata ƙarfin hukuma ya tafi, wajen masu shigo da ita dila-dila, ba wajen yarinya mai tallar awara ba. Sannan sai an ba mutane abin da za su riƙe a madadinta. Mu dai mun yi abin da ke hannunmu: mata masu saƙar kaba cikin mambobinmu sun saƙa jakunkunan cefane, mun kai wa wasu masu kayan miya su rataya, mun kuma roƙi mambobi su koma tura yaro sayen koko ko fura da kwano mai murfi kamar yadda iyayenmu suke yi. Cinikin jakar bai taka kara ya karya ba, don ita leda kyauta ake bayarwa. Ledar ruwan sha kuwa magana ce dabam. Ba za ka ce wa mutum a garin nan kada ya sha ba. Masu buga ta da masu rarraba ta su ne ke cin ribarta, ya dace su ɗauki wani kaso na tattara ɓawonta. Mun zauna da wasu daga cikinsu, ɗaya ya amince ya ajiye buhu a gaban shagonsa ya riƙa karɓa.

Shi tubalin da muka fara shekara da shi, mun gwada. Ana narka leda a rabin ganga a kan wuta, a zuba yashi mai zafi da aka tankaɗe, a gauraya, a zuba a ma'auni a danne. Tubalin ya fito da ƙarfi, ruwa ba ya cinsa. Amma hayaƙin da ya tashi ya fi ƙarfinmu. Matasa biyu sun kwana da ciwon kai da tari, maƙwabta suka yi ƙorafi, kuma gaskiyarsu. Hayaƙin roba yana ɗauke da guba mai lahani ga huhu, ita ce dai gubar da muke hana mutane shaƙa in sun ƙona juji ko sun hura gawayi da leda. Ba zai yiwu mu hana da baki mu aikata da hannu ba. Mun dakatar har sai an sami wuri a wajen gari, da tukunya mai murfi da bututun hayaƙi, da wanda ya ƙware ya koya mana. Ledar da gidaje ke warewa muna danne ta a buhuna a ɗakin ajiya, kuma ɗakin ya kusa cika. Wannan matsala ce da babban taro zai duba.

Kwata da damina

Ba wanda ya manta daminar 2024, da ranar 3 ga Satumba da tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa. Ba ina cewa shara ce ta kada shi ba. Amma garinmu a kan dutse yake, ruwa ba ya nutsewa da sauri, in bai sami hanya ba sai ya kwanta a gindin katanga, kuma katangar ƙasa ba ta jure jiƙa. Wannan tsoron ne ya sa bana muka fara yasar kwata tun kafin ruwan farko. Abin da muka fitar yashi ne da leda da tsumma, sun daskare kamar daɓe. Mun koyi wani abu da ya kamata kowa ya sani: in aka yashe kwata aka bar abin a bakinta, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito, a yi tufka da warwara. Don haka ba mu sa shebur ba sai amalanke na tsaye. A layukan da muka yashe, ruwa ya wuce bai shiga zaure ba. Kwatar da ta toshe kuma ita ce ke tara ruwan da sauro ke hayayyafa, ga ƙudaje, ga yara na wasa a ciki. Kwalarar 2021, wadda ta kama mutum sama da 5,000 a ƙasar nan kuma jiharmu tana cikin inda ta fi tsanani, ba ta yi nisan da za mu manta ba.

Matasan fada, wato majalisun hirar samari na unguwa, su ne ƙashin bayan wannan aiki. Mun bi su inda suke zaune da shayinsu, ba mu kira su ofis ba, kuma sun fito da shebur da manjagara fiye da yadda muka zata. Dattawanmu suka ce abin ya tuna musu da samariya, ƙungiyoyin matasa masu aikin gayya, a zamanin shugaban ƙasa Seyni Kountché. Allah ya yi musu albarka. Sai dai gayya ta yini ɗaya ce, shara kuwa ta kullum ce. Wurin da aka share ranar Asabar aka ɗauki hoto, in babu amalanke ranar Litinin, kafin Juma'a ya koma gidan jiya. Kuma ba daidai ba ne a riƙa kiran saurayi marar aikin yi ya shiga kwata kyauta duk shekara. In aikin na dindindin ne, a biya shi.

Akwai sharar da ba ta da yawa amma ta fi kowace haɗari. Ɗaya daga cikin masu amalankenmu allura ta soke shi a tafin ƙafa yana tattake kaya da silifa. Mun kai shi likita, an yi masa abin da ya dace, ya warke, alhamdu lillahi. Tun ranar ba mai hawa amalankenmu ba takalmin roba mai tsawo da safar hannu. Muna roƙon duk wanda ake yi wa allura a gida ya jefa ta a gorar roba mai murfi ya miƙa wa ma'aikacin lafiya, kada ta shiga buhun shara. Sai batiran mota da na sola, da suke ƙaruwa a gidaje. A cikinsu akwai dalma da ruwan batir mai ƙuna. Mun tarar da yara suna fasa ɗaya da dutse don su ciro dalmar su sayar. Wanda ya tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan masu haƙar zinariya, ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Mataccen batir ya koma wajen wanda ya sayar da sabo, a rufe, ba a tsiyaye ba.

Sauran ayyuka a taƙaice: limamai uku sun yi mana huɗuba a kan hadisin da ya ce kawar da abu mai cutarwa daga hanya sadaka ne. Mun shiga shiri a wani gidan rediyo, mun ziyarci makarantun boko da na allo, kuma ranar 3 ga Agusta mun dasa itatuwa a gefen filin da aka kwashe, mun kewaye su da ƙaya saboda awaki. Halartar zaman wata-wata ta yi rauni a damina, kuɗin ƙungiya ma wasu sun yi baya, ma'aji zai yi bayani.

Abin da kwamiti ke kawo wa babban taro

Na farko a gabanmu shi ne takardar yarjejeniya da hukumar gunduma kan ranakun mota, da sa hannun mai unguwa a matsayin shaida, don shi ne mutane ke kai wa kuka in juji ya cika. In wannan bai tabbata ba, kwamiti yana ba da shawarar mu rage layuka maimakon mu ƙara, ko da kuɗin shiga zai ragu. Bayan shi sai yaɗa ware shara zuwa duk gidan da amalanke ke zuwa, da sassauta kuɗin wata ga gidan da ya ware. Yasar kwata za mu fara ta tun watan Mayu, da ɗan ihsani ga matasan da suka shiga. Maganar tubali tana nan a ajiye, ba mu binne ta ba, amma ba za a taɓa asusu dominta ba sai waɗancan sun tsaya da ƙafafunsu.

Akwai kuma buƙata ɗaya da ɓangaren mata ya kawo, kwamiti ya goyi baya gaba ɗaya: gidajen da ke kewaye da jujin wucin gadi a sa su cikin tsarin amalanke ba tare da sun biya ko dala ba, kuma a ba su kujera ɗaya a kwamitin da ke kula da filin. Mun je mun shaida wa dattijuwar nan, ta ce za ta turo ɗanta. Wannan yana buƙatar ƙuri'arku, don zai taɓa kuɗin kowa.

Za a sanar da ranar taro da wurinsa ta bakin wakilan layuka da kuma zauren WhatsApp. Mambobin da ke nesa su aiko da ra'ayinsu kafin ranar, za a karanta shi a gaban jama'a. Wanda ke da tsohuwar rariya ko buhunan da ba ya amfani da su ya taho da su, ɓangaren mata na buƙata.

Wassalamu alaikum.

Magatakardan ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa
Damagaram